Suwaitar makaranta da kafin alƙalami: amsa ga ɗana a sana'a

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce wani ɗan'uwa a ikilisiyarku ya buɗe makaranta, yana so ka saƙa masa suwaita 60 kafin yara su dawo daga dogon hutu, amma sai iyaye sun biya kuɗin makaranta zai sallame ka. Ka ce kana jin nauyin neman kafin alƙalami, kada a ce ba ka da bangaskiya, ko ka mai da gidan Allah kasuwa. Da tambayar yadda ake zura zare a inji ka kawo mini, da ban kula ka ba, wannan ko yaron da ke share shago ya gani ya iya. Amma wannan tambaya ta fama mini tsohon miki, don haka zauna ka ji.

Karɓi kuɗinka. Ba rabin kuɗin zare ba, kuɗin zaren gaba ɗaya, da ɗan abin da za ka ci kana aiki. In ya ce ba shi da shi, ka ce masa Allah ya hore, ranar da ya samu ƙofarka a buɗe take.

Dalilin ba rowa ba ne, a jikin zaren yake. Kamfani ba ya rina zare duka rana ɗaya, kashi-kashi yake rinawa, kowane kashi da lambarsa a takardar da ke jikin ƙunshin. Sunan launi ɗaya, kamfani ɗaya, amma in lambar rini ta bambanta, launin ma ya bambanta. A ƙarƙashin ƙwan lantarkin shago ba za ka gani ba. Sai an fita da shi rana. Saboda haka zaren aiki ɗaya rana ɗaya ake sayensa, a wuri ɗaya, lamba ɗaya, kai da kanka kana duba kowane ƙunshi, ba ka aiki yaro ba. Wanda bai karɓi kafin alƙalami ba kuwa, da me zai sayi kilo 16 da rabi a tashi ɗaya?

Akwai wani dattijo a layinmu nan Jos, ya riga mu duka shiga sana'ar. In ya haɗa kafaɗa, sai ka juya rigar ciki da waje kana neman inda aka haɗa. Wani mai makaranta, wanda benci ɗaya suke zama ran Lahadi, ya kawo masa aikin suwaita 150, ruwan hanta, da layi biyu ruwan ɗorawa a wuya da bakin hannu, da tambarin makaranta a ƙirji. Da dattijon ya taɓo maganar kuɗin zare, sai mutumin ya kama haɓa ya ce, “Haba Baba, tsakaninmu? Ai aikin Ubangiji ne, rabin yaran nan marayu ne.” Kunya ta rufe dattijo. Ya kwashi adashinsa, ya sayi zaren da kuɗin ya kai, wanda bai wuce na riga 90 ba. Ya duƙufa shi da yaransa biyu cikin sanyin nan na watan Agusta, ruwa na zuba dare da rana. Ya kai kashin farko, aka yaba, aka sa masa albarka, aka ba shi kuɗin mota. Kuɗin mota fa!

Ya koma wurin mai zare ya karɓi sauran bashi. Waccan lambar ta ƙare, sai wata. Akwai ragowar tsohon zare a shago, kuma ba wanda ke zubar da zare, sai wasu riguna suka fito jiki daga tsohon kashi, hannu daga sabo. Ranar da yara suka jeru a fili da safe, rana ta haska su, ko makaho ya shafa ya san ba ɗaya ba ne: wasu sun ja zuwa ja, wasu sun ja zuwa ruwan ƙasa. To ka san me? Kafin wannan rana mai makarantar ya riga ya sayar wa iyaye rigunan kaf, a farashin da ya kusa ninka na dattijo, ya zuba kuɗin a aljihu. Amma da aka zo biya sai ya ce aiki ya lalace, iyaye na ƙorafi, rabi zai bayar. Rabin ya koma sai zango mai zuwa. Zango mai zuwa ya koma ba ya nan, ya yi tafiya. Aka kai magana gaban dattawa, suka ce a yi haƙuri, kada a ɓata sunan ikilisiya a bakin mutanen waje. Babu takarda, babu shaida, bakin wannan da bakin wancan. Mai zare kuwa ba ruwansa da zumunci, kuɗinsa yake so. Dattijo ya sayar da injinsa na biyu, ya sayar da ƙarfen saƙa bakin hannu, yaransa suka watse. Rigunan da aka ce sun lalace, yara sun sa su shekara da shekaru, ƙanne suka gada. Mai makaranta kuwa ya sayi bas, ya rubuta aya a gilashin baya. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Kuma ka lura, kuskuren launin ma daga rashin kafin alƙalamin ya fito. Wanda ya hana kuɗin zare shi ya jawo aibin, shi kuma ya fake da aibin ya cinye kuɗin.

Ku yaran yanzu kuna ɗauka bangaskiya ita ce rufe ido a faɗa rami. Buɗe Luka 14:28, Yesu da kansa ya ce wanda zai gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafin abin da za ta ci. A Luka 10:7 ya ce ma'aikaci ya cancanci ladansa, Bulus kuma ya maimaita a 1 Timoti 5:18. Littafin Firistoci 19:13 ya hana hakkin ɗan ƙodago ya kwana a hannunka, kwana ɗaya ma, balle zango. Yakubu 5:4 ya ce ladan da aka danne wa ma'aikata kuka yake yi, kukan kuma yana kaiwa kunnen Ubangiji. Bulus ɗin nan sana'ar tanti ya yi a Koranti don kada ya nauyaya wa kowa. Ina ka ga an ce mai sana'a ya ci bashi don wani ya yi riba? In ka nemi kuɗin zare, taimakon ɗan'uwan nan ka yi, ka tsare shi daga jarabar cin hakkinka. Sabo da kaza ba ya hana yanka.

Ga yadda za ka yi. Saƙa guda ɗaya a kowane girma, ƙarami, matsakaici, babba. Ɗora kowace a sikeli. Da zaren da muka saba aiki da shi a inji mai allura 200, ta ɗan shekara biyar tana cin wajen giram 200, ta ɗan shekara tara wajen 250, ta ɗan sakandare 350 zuwa 400. Amma kada ka riƙe lissafina, riƙe na sikelinka. In matsakaicin ya tsaya a 250, riga 60 kilo 15 ke nan. Ƙara kashi ɗaya cikin goma, kilo ɗaya da rabi, saboda gwaji da ƙulli da abin da inji zai ci, da yaran da za a kawo daga baya a ce a ƙara musu. Ka kai masa samfurin, ya duba a rana, ba a ofis ba. Ku rubuta: yawan riga, girma, launi, farashi, ranar kaiwa, abin da ya bayar, abin da ya rage. Ya sa hannu, ka sa hannu, wani dattijo ɗaya ya sa hannu. Yanki ɗan zaren ka manna a takardar. Sannan ka riƙa kaiwa ashirin-ashirin, kashi na biyu ba ya fita shago sai an biya na farko. Tambari kuwa kada ka ɗinka sai kuɗi ya shigo, don riga mara tambari kana iya sayar da ita ga kowa lokacin hunturu, mai tambari kuwa ta zama ta makarantar ko sun biya ko ba su biya ba.

Yanzu in juyo kanka, don ba masu saye kaɗai ke cuta ba. Karin Magana 11:1 ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji, kuma algus ɗin mai saƙa na san shi sarai. A nuna samfuri da zare uku a haɗe, a saƙa sauran da biyu. A buɗe lambar inji daga 6 zuwa 8 don saƙa ta yi sako-sako ta rage cin zare, rigar ta yi kyau a leda, wanki biyu ta zama buhu. A rage tsawon hannu da layi goma a ce ai yara ne. A ce wa uwa ulu ne na gashin tunkiya alhali akirilik ne, wato zaren roba. Wannan na ƙarshe ashana ɗaya ke tona shi: gashin tunkiya yana warin ƙonannen gashi, tokarsa tana murmushewa a yatsa, akirilik kuwa narkewa yake ya dunƙule baƙi ƙirin da tauri. Mutumin da ke waƙa a ƙungiyar mawaƙa ran Lahadi, ran Litinin yana rage zare, wa'azinsa ya ƙare. Kolosiyawa 3:23 ta ce duk abin da kake yi ka yi shi da zuciya ɗaya kamar Ubangiji kake yi wa. Riga ta 60 ta hau sikeli ta yi nauyin ta farko.

Gwaji kuma, na san ba ka yi, don babu ɗayanku da ke yi. Kuna kallon bidiyo a waya, wata uku ku ce a yaye ku. Kowane sabon zare sai an saƙa ɗan ƙyalle, allura 40, layi 60, a cire, a bar shi ya kwana, a wanke, ya bushe a shimfiɗe, sannan a auna. A ce ka samu allura 28 da layi 40 a santimita 10. Bayan riga mai faɗin santimita 38 zai ci allura 106, tsawon santimita 45 zai ci layi 180. In zaren ya canza ya koma allura 30 a santimita 10, kai kuma kana nan kan 106, faɗin ya koma 35 da ɗoriya. Gaba da baya ka rasa sama da santimita 5. Riga 60 da ba sa shiga jikin yara, wa za ka kai wa kuka? Kuma kada ka ce za ka buɗe ta da dutsen guga. Akirilik in ya sha zafi ya mutu, ya yi laƙwas yana sheƙi, ba ya dawowa. Tururi daga nesa kawai, ƙarfen bai taɓa ba, bakin hannu da ƙugu kuwa ko tururin kada su gani.

In zuciyarka na so ta yi wa Allah wani abu da sana'ar nan, hanya a buɗe take, amma ka raba kyauta da ciniki. Dokas ta Yafa, a Ayyukan Manzanni sura 9, da ta rasu gwauraye ne suka tsaya suna kuka suna nuna wa Bitrus rigunan da ta yi. Gwauraye fa, ba masu bas ba. Ragowar zaren da ke taruwa a kwali, giram 20 zuwa 30 ya isa hular jariri. Tara su, saƙa da yamma, ba zumuntar mata su kai wa masu haihuwa a asibiti ko iyalan da rikici ya raba da gidajensu, kafin sanyin Disamba ya sauka. In da gaske akwai marayu a makarantar, ka ce a ba ka sunayen biyar, nasu kyauta ne daga gare ka. Wannan kai ka yanke a ranka, da farin ciki, kamar yadda 2 Korintiyawa 9:7 ta ce, ba wanda ya matse ka da kunya.

In kuma ka yi duk wannan aka cuce ka duk da haka, Matiyu 18 ta shimfiɗa hanya: kai da shi tukuna, sannan da mutum ɗaya ko biyu, sannan ikilisiya, takardarka a hannu. Ba a Facebook ba. Ka yafe masa don kada ɗaci ya cinye ka, ni ma da nake faɗa maka ina kan fama da nawa. Amma yafiya daban, sake ba shi bashi daban.

Ka kuma ce wani lokaci in inji ya zubar da saƙa, ko ka warware aikin yini guda, sai ka ji kamar Allah bai sa albarka a hannunka ba. Bar wannan magana. Addu'a da safe kafin ka taɓa inji, ka yi, muna yi. Amma injin da ke zubar da saƙa ba aljani ba ne. Yawancin injinan nan tsofaffi ne na hannu, kamfanin Brother ma ya daina ƙera su tuni. Zaro sandar soson da ke danne allurai ka duba. In soson ya kwanta ya yi lebur, allurai za su ɗago, kan injin ya riƙa cijewa. Canza shi kafin ka fara aikin nan, kada ka tura kan da ƙarfi ka lanƙwasa allura goma. Duba ɗan harshen kowace allura yana buɗewa yana rufewa da kansa. Matsar da ƙarafan nauyi na gefe sama duk bayan layi 20 ko 30, don daga gefe saƙa ke fara zubewa. Mai kuwa na keken ɗinki, ɗigo kaɗan a tsumma, bayan ka goge ƙura da burbushin zare. Na taɓa ganin inda aka zuba man gyaɗa, ya daskare da ƙurar hunturu ya zama danƙo. In iska ta bushe zare ya fara mannewa yana tartsatsi, bi da shi ta jikin kyandir kafin ya shiga inji.

Ranar Asabar ka zo da ƙyallen gwajin da takardar yarjejeniyar in gani kafin ka kai masa. Ka zo da sikelinka ma, ban yarda da shi ba.