Talatin ko arba'in? Malama, je ki ƙirga tukuna

Wata 'yar'uwa ce ta rubuto daga Zariya. Ga saƙonta a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Na karanta fannin zane da sarrafa yadi a Jami'ar Ahmadu Bello. Aikina shi ne in rina farin yadi, in bi shi da ɗinkin hannu, in lilliƙa masa ƙyallayen atamfa da jar fata da duwatsun ado, wani lokaci har da sakaina, a sa a firam a rataya a bango. Guda ɗaya yakan ci min mako biyu. Shekara biyu ke nan ɗan yayar mahaifiyata da ke da shago a Abuja yana karɓa yana sayar min. Na ba shi guda talatin ko arba'in, yana turo min kuɗi jefi-jefi, yau dubu hamsin, bayan wata biyu dubu tamanin. Ina gani a Instagram ana sayar da irin aikina dala 300 zuwa 500. Ina so in nemi naira miliyan 3 in kama shago, in sayi keken ɗinki mai kwamfuta, in riƙa fitar da kaya waje. Banki zan je ko adashi zan shiga?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya yi wa hannu albarka.

Sau uku na karanta saƙonki, kuma kowane karo wuri ɗaya nake tsayawa, wato inda kika ce "talatin ko arba'in". Kin rubuta shi kamar mai ƙiyasta yawan kajin maƙwabta. Tsakanin talatin da arba'in akwai guda goma. Ke da bakinki kin ce kowane guda mako biyu yake ci. Mako ashirin ke nan, kusan wata biyar kina sunkuye a kan allura, hannunki ya yi shuɗi har cikin farce, kina tsince zaren ɗauri ɗaya bayan ɗaya idan yadin ya bushe. Wata biyar ɗin nan kin cusa su cikin kalmar "ko" kin wuce abinki, kina tambayata banki ko adashi.

To ni ma ga tambayoyina. Guda nawa aka sayar? A kan nawa aka sayar da kowanne? Nawa ne har yanzu ke jingine a shagon suna shan ƙura? Dubu tamanin ɗin da ta shigo miki kuɗin guda biyu ce ko ta biyar? Na san ba ki da amsa, domin da kina da ita da kin rubuto. Wadda ba ta san wannan ba, ba ta da kasuwanci tukuna. Tana da sana'a a hannu, tana da ɗan'uwa mai yi mata alheri lokaci-lokaci da kuɗinta.

Ban ce ɗan'uwanki ɓarawo ba ne, ban san shi ba. Mai yiwuwa shi kansa bai san lissafin ba, kuɗin kayanki na shiga aljihu ɗaya da na nasa, idan ya tuna ki ya turo. Kuma ko da shi waliyyi ne, rashin rubutu zai iya cinye ki. Bari in ba ki labari.

Shekarun baya na san wani dattijo marini a Kura, cikin masu yin turkuɗi, baƙin yadin nan mai sheƙi da Buzaye ke naɗawa. Ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ne ke ɗaukar kayan ya kai Agadas. Shekara da shekaru haka suke, ba takarda ba shaida, kuma ƙanen bai taɓa cin masa ko sisi ba. Rannan Allah Ya karɓi ran ƙanen a can. Aka zo rabon gado, aka buɗe ɗakin ajiya, ga dilolin turkuɗi jibge. 'Ya'yan mamacin suka ce kayan ubansu ne, kuma ba ƙarya suke yi da gangan ba, abin da suka tarar ke nan a ɗakin ubansu. Dattijon ya ce fiye da rabi nasa ne. Aka ce ina shaida? Ya san bugun kowane turmi da idonsa, amma ido ba ya zama hujja a gaban masu rabon gado. Ya haƙura ya dawo gida. Jarin ya tafi, kuma har ya rasu 'ya'yan ƙanensa ba su ƙara taka ƙofar gidansa ba. Zumuncin da ya ƙi rubutu don ya kare shi, shi ne ya fara mutuwa.

Kunya ce ke hana mu. A ce wa ɗan'uwa "sa hannu a nan" sai a ji kamar an zage shi. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take da kafa shaidu, kuma ba ta ware ɗan yayar uwa ba. Ku shiga Kantin Kwari ku gani: mutumin da ya yi shekara talatin yana ba yaronsa dilar atamfa, har yau sai ya buɗe littafi ya rubuta. Ba wanda ya ce ya ci mutuncin yaron.

Akwai wata asarar da rashin littafin ke jawo miki wadda ba ki ma hango ba. Ba ki san abin da kasuwa ke so daga hannunki ba. Shin masu shuɗin baba zalla ne ke fita da wuri, ko masu jar fata? Ƙananan da matafiyi zai sa a jaka, ko manyan da ake ratayawa a ofis da otal? Mai zanen dagi a tsakiya, ko mai zanen aska irin na babbar riga? Wa ke saye, kuma ya dawo ya ƙara? Duk wannan ilimin yana Abuja a kan ɗan'uwanki, ke kuwa kina Zariya kina aiki cikin duhu. Idan gobe ya rufe shago ya koma harkar filaye, ba ki da lambar mai saye ko ɗaya.

Sannan farashi. Kafin tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Kalar rini da zaren ado da duwatsu galibi daga waje ake shigo da su, kin fi ni sanin yadda suka tashi. Kuɗin mota ma ya ninka tun da aka cire tallafin fetur. Kin taɓa zama da shi kun ɗaga farashi? Yi wannan lissafin yau: mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira dubu 70 ne a wata. Mako biyunki, ko a matsayin leburar da ba ta taɓa shiga aji ba, dubu 35 ne. Ɗora yadi, kala, zare, fata, firam da kuɗin aikawa a tasha. Abin da ya fito, ƙasa da shi faɗuwa ce. Sai ki tara duk abin da ya turo miki cikin shekara biyu, yana nan a bayanan asusunki na banki, ki raba da talatin. Ina jin tsoron abin da za ki gani.

Batun Instagram kuwa, hangen Dala ba shiga birni ba ne, balle hangen dala a waya. Farashin da aka rubuta a ƙarƙashin hoto kika gani, ba ki ga wanda ya biya ba. Masu sayarwa a wannan farashin suna da suna da suka daɗe suna ginawa, kuma gidajen baje kolin zane kan ɗauki har rabin kuɗin. Ke ko sunanki ban tabbata yana jikin aikin ba. Na taɓa ganin wata mai irin sana'arki ta ci karo da aikinta rataye a wani otal, ta tambayi ma'aikatan wa ya yi, aka kira mata sunan dillalin.

Keken kwamfutar shi ya fi ba ni mamaki. Abin da mai saye ke biya a wurinki shi ne hannu, ɗinkin da ba ya maimaita kansa, rinin da ya ɗan zarce a gefe. Ranar da kika koma inji kin shiga layi ɗaya da yadin Sin da aka buga masa zanen rini, wanda ya cika kasuwanninmu a farashin da ba za ki taɓa iya saukowa gare shi ba. Miliyan 3 za ki ci bashi don ki rage wa kayanki daraja?

Kuma ki san nauyin bashin. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, na bankunan kasuwanci ya fi haka. A kashi 30, miliyan 3 za ta ci miki dubu 900 a shekara, dubu 75 kowane wata, kafin ki taɓa uwar kuɗin. Ke da ake turo wa dubu tamanin bayan wata biyu. Idan bankunan da ba sa karɓar ruwa za ki je, irin su Jaiz ko TAJ, abin da za su fara nema shi ne lissafin cinikinki. Adashi ma zubi yake so a kan lokaci, uwar adashi ba ta jin "ɗan'uwana bai turo ba tukuna".

Saboda haka ki dakatar da aika kaya daga yau. Ki tattara hotunan duk abin da kika taɓa yi, na san suna cikin wayarki, masu sana'ar hannu ba sa rasa wannan. Ki shiga mota ki je Abuja da ƙafarki, kada ki yi ta waya. Ki tafi da tsaraba, ki gaishe da iyalinsa, sannan ki ce masa, "Yaya, ina shirin neman jari, kuma sai da lissafi, ka taimaka mu zauna mu ƙirga." Gaskiya kika faɗa, kuma kin ba shi hanyar da ba zai ji kunya ba. Ku bi hoto-hoto: wannan an sayar, nawa, wannan ga shi. Abin da ya ɓace tsakani, idan kaɗan ne ki yafe, kuɗin makaranta kika biya.

Daga nan a sake shiri. Kowane aiki ki ɗinka sunanki da lamba da shekara a bayansa da zare, yadda ba za a goge ba. Ki yanka farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, ku yanka masa la'adarsa a fili, domin shi ma wahala yake yi kuma haƙƙinsa ne. Abin da ya yi wata uku bai fita ba ya dawo. Littafin 'yan makaranta ya isa, kowane aiki layi ɗaya, ki tura masa hoton shafin ta WhatsApp ya amsa da "na karɓa".

Idan ya yi murna, kin samu wakili na gaske. Idan ya murtuke fuska ya kai ƙararki wurin Umma cewa kin raina shi, wannan ma amsa ce, ki kwaso sauran kayanki cikin mutunci.

Ki rubuto min bayan kin dawo, da lamba guda ɗaya ba "ko" a ciki. Sannan mu yi maganar shago.