Amsoshin Tambayoyinku: Filin da Bakinsa Ya Fi Bayansa Faɗi

Wata baiwar Allah daga Kano ta rubuto cewa ta shekara uku tana zubin adashe domin ta mallaki fili. Dillali ya nuna mata wani da bakinsa na titi ƙafa 70 ne, bayansa ƙafa 40, gefe ɗaya miƙaƙƙe ƙafa 72, ɗayan kuma a karkace ƙafa 78. Ya ce ya fi cikakken fuloti, don haka za ta biya naira miliyan 5 da rabi, alhali miliyan 5 ake sayar da cikakken fuloti mai ƙafa hamsin da ɗari a unguwar. Ta ce hankalinta bai kwanta ba.

'Yar'uwa, kin yi daidai da kika dakata, kuma lissafin bai kai abin tsoro ba. Matuƙar bakin filin da bayansa suna tafiya a jere, tazarar da ke tsakaninsu ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, to siffar da malaman lissafi ke kira tirafiziyam ke nan. Ki haɗa 70 da 40 su ba ki 110, ki raba biyu ki sami 55, sannan ki ninka da miƙaƙƙiyar tazarar, wato 72, ba karkataccen gefen ba. Girman filin murabba'in ƙafa 3,960 ne, shi kuwa cikakken fuloti 5,000 ne. Dillalin ya zaɓi faɗi mafi girma da tsawo mafi girma ne, 70 da 78, ya ninka ya sami 5,460, wato yana neman sayar miki da murabba'in ƙafa 1,500 da babu su a ƙasa. Bisa farashin unguwar, kuɗin filin bai kai miliyan 4 ba. Faɗin bakin titi yana ƙara masa daraja, ban musa ba, amma tsukewar baya za ta wahalar da mai zana gida.

A nan ne kullum nake mamakin mutanenmu. Mutum zai tsaya a kan ɗan kasuwa har ya ga an auna masa yadi biyar na shadda, amma idan aka zo fili na miliyoyi sai ya amince da taku, kamar takun kowa ɗaya ne. Ko tef ɗin awon ma abin dubawa ne: akwai wanda ya tsinke aka ɗaure shi ya rasa ƙafa ɗaya ko biyu, akwai mai fuska biyu da ake karanta mita a matsayin ƙafa ko akasin haka, alhali mita ɗaya ta ɗan haura ƙafa uku da kwata. Turakun iyaka kuwa, musamman bayan damina, sukan wayi gari a inda ba a kafa su ba. Sannan sanin tsawon gefe huɗu kaɗai ba ya tabbatar da girman fili idan babu tabbacin yadda kusurwoyi suke, shi ya sa ake aunawa daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta a raba filin gida biyu masu kusurwa uku. Ki je da tef ɗinki, ki ɗauki safiyo mai rajista wanda ba dillalin ne ya kawo shi ba, ki kuma bincika matsayin filin a KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, kafin ki saki ko sisi, domin tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu ba ita ce shaidar mallaka ta gwamnati ba.

Wani malamin makaranta daga Zariya yana son kewaye filinsa. Bakinsa ƙafa 75, bayansa 50, miƙaƙƙen gefe 60, amma kududdufi ya hana shi auna karkataccen gefen.

Malam, fara sa magini ya tabbatar kusurwoyin miƙaƙƙen gefen daidai suke, da awon nan nasu na uku, huɗu, biyar, wato daga kusurwa a auna ƙafa uku ta gefe ɗaya, huɗu ta ɗayan, tsakaninsu ya ba da biyar. Bambancin baki da baya 25 ne. Ninka 25 da kansa ka sami 625, ninka 60 da kansa ka sami 3,600, jimla 4,225, kuma lambar da ake ninkawa da kanta ta ba da haka ita ce 65. Kewayen filin ƙafa 250 ke nan. Tsawon bulo inci 18 ne, ƙafa ɗaya da rabi, saboda haka kowane sahu zai ci wajen bulo 167 kafin a cire gurbin ƙofa. Gefen kududdufin sai an zurfafa tushensa, kuma kada arha ta ja ka ga bulon da ke marmashewa a hannu.

Wani matashi da ke Legas yana tambaya ko zai iya auna fili a Katsina ta taswirar waya ya tura kuɗi.

Taswirar ba za ta nuna maka turakun iyaka ba, balle ta gaya maka mutum nawa aka riga aka sayar wa. Kuɗin mota bai kai kuɗin fili ba, ka zo da kanka.