Kun Tambaya Mun Amsa: Hadarin da ya tsallake mu ya sauka Tibiri

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ina gaisuwa. Ni ina zaune unguwar Ali Ɗan Sofo amma gonata tana hanyar Madarunfa. Satin da ya wuce wayata ta nuna za a yi ruwa a Maraɗi, da la'asar hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ƙura ta taso kamar duniya za ta tashi, ƙarshe ko ɗigo ba mu gani ba, amma ƙanena da ke Tibiri ya ce su ruwa suka sha har ya kwanta a gona. Masu meteyo ɗin nan sun san abin kuwa ko shaci-faɗi ne? Kuma mi ya sa hadarinmu kullum daga gabas yake tasowa? Daga wani manomi, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba mu damina mai albarka. Ai wayarka ba ta yi ƙarya ba, ruwan ya zo, kawai dai rabon mutanen Tibiri ne ranar.

Ka taɓa lura da ledar ruwan sanyi in an fiddo ta daga firji yadda take gumi? To ruwan nan ba daga cikin leda ya fito ba, laimar da ke cikin iska ce ta taɓa sanyi ta koma ɗigo. Haka girgije yake haɗuwa. Da damina iska mai laima tana zuwa mana daga teku, ta kudu maso yamma, ta ratso Najeriya ta ture busasshiyar iskar hunturu can arewa, shi ya sa tun kafin ruwan fari za ka ji gari ya yi gumi, shamuwa ta dawo. To rana in ta gasa ƙasa tun safe sai iskar nan ta yi zafi ta tashi sama, kuma duk kilomita 1 da ta hau sanyi na ƙaruwa da wajen digiri 6, har laimar ta dunƙule a kan 'yan ƙwayoyin ƙura ta zama girgije, in laima ta wadata ya yi ta toho yana hawa har kilomita 15 ko fiye, can ƙololuwarsa ma ƙanƙara ce zalla. Baƙin da kake gani kaurinsa ne ya tare hasken rana.

Maganar gabas kuwa tambaya ce mai kyau. Iskar da ke kawo laima a ƙasa-ƙasa take, amma can sama wajen kilomita 3 zuwa 4 akwai wata mai ƙarfi da ke tahowa daga gabas, ita ke tura hadarin yamma. Shi ya sa in ɗan'uwanka na Damagaram ko Tasawa ya bugo ya ce ana zubawa, to a kwashe shanya, sau da yawa yana kan hanya. Ƙurar da ta rufe ku kuma iska ce mai sanyi da ke faɗowa daga cikin hadarin ta daki ƙasa ta bazu gabansa, tana iya isa inda ruwan bai kai ba. Wani sa'in ma ruwan ya sako amma iskar ƙasa ta bushe, sai ya shanye kafin ya taɓa ƙasa.

Su ma'aikatan meteyo ba duba suke yi ba, awo ne: zafi, laima, ƙarfin iska, ga hotunan tauraron ɗan'adam na Meteosat da kwamfuta ke lissafi a kansu. A Yamai akwai hukumar meteyo ta ƙasa, ga cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974 wadda ke cikin masu fidda hasashen damina duk shekara kafin shuka. Amma hasashe na yanki ne, ba na gonar mutum ba, girgije guda kan zuba nan ya bar kilomita 10 gaba a bushe. Ni dai na fi yarda da na yau da gobe, na kwana goma a waya kallonsa kawai nake. Kuma kar ka yi shuka don ka ga hadari, malaman gona sukan ce a jira ruwan da ya kai milimita 20, wato lita 20 a kan kowane mita 1 tsawo da faɗi.

Tambaya: Malam barka da aiki. Don Allah mi ya sa ake ganin walƙiya sai an jima a ji tsawa? Yarana sun ishe ni da tambaya. Daga wata uwa, unguwar Zariya.

Amsa: Hajiya a gaida yaran. Tare suke faruwa, haske ne ya fi ƙarar tsawa sauri nesa ba kusa ba. Ƙara tana cin kilomita 1 a wajen sakan 3, sai ki sa su ƙirga daga walƙiya zuwa tsawa, in sun kai 9 to tana wajen kilomita 3. Muddin dai ana jin tsawa a shigo da su ɗaki, ba a fakewa gindin bedi ko gawo, kuma masu wasa bakin gulbi a kira su gida.