Ruwan madara ko ruwan yashi: wanne zan shafa wa falona?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun gama ginin falo a unguwar Karkada, mita 4 da mita 5, tagoginsa suna kallon yamma. Mai fenti ya kawo mini kala biyu, ruwan madara da ruwan yashi, a idona duk ɗaya ne. Karon da aka shimfiɗa a ƙasa ruwan ƙasa ne mai haske. Wanne ya fi? Daga wata mai karatu, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. A kan takardar shago suna kama, a bango kuwa kowanne da halinsa. Ruwan madara rawaya ce a ƙarƙashinsa, shi kuma ruwan yashi ja-ja ne. Tagar yamma tana shigo da ranar la'asar, mai ja da zafi. Ta sauka kan ruwan yashi, ga karo ruwan ƙasa, sai falon ya yi duhu ya matse. Don haka mu ruwan madara muka zaɓa miki. Aibinsa shi ne ƙurar hunturu da shatin hannun yara sun fi fitowa a kansa, sai a sa fentin mai wanda ake gogewa daga ƙasa zuwa kamar mita 1.

Amma kada ki sayi bokiti kafin gwaji. A shafa kowace kala santimita 50 da 50, shafi biyu, a wuri biyu: kusa da taga, da kuma bangon da ke kallonta. A bari ya bushe sarai, domin ɗanyen fenti yana yaudarar ido. Ki duba da hantsi, da la'asar, da dare. Na dare ne mutane ke mantawa: farin ƙwan lantarki yana kashe ɗumin ruwan madara har ya koma fari-fari, mai rawayar haske kuma yana ƙara masa rawaya.

Idan tsayin bangon mita 3 ne, za a shafe kusan murabba'in mita 48 bayan an cire ƙofa da tagogi. Lita ɗaya tana cin kamar murabba'in mita 10 a shafi ɗaya, shafi biyu lita 10 ke nan. Sabon bango yana sha, a tanadi 12, ban da shafin fari na farko.

Idan mai fentin zai haɗa kalar da hannu, ki sa ya dama duka lokaci guda a babban mazubi. Haɗi na biyu ba ya taɓa fitowa daidai da na farko. Sabon shafen siminti kuma a ba shi mako 4 ya bushe, in ba haka ba gishirin siminti zai keto fentin ya ɓamɓare shi.