Fagen Tambaya da Amsa: Me Ake Nufi da "Rudimentary"?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai koyon aikin jinya, daga Daura. Malaminmu ya duba aikina, sai ya rubuta a gefen takarda cewa fahimtar da na yi wa darasin "rudimentary" ce. Ƙawata ta ce ma'anarta ɗaya da "basic", don haka kada in damu. Shin haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ƙawarki ta kusa gaskiya, amma ba ta kai ba. Kalmar ta samo asali daga Latin, inda "rudimentum" ke nufin somin abu ko gwajin farko, ita kuma daga "rudis" ta fito, wato abin da yake ɗanye, wanda ba a gyara shi ba. A wajen furuci, gaɓa ta uku, "men", ake ƙarfafawa.

Bambancin kalmomin biyu yana cikin abin da mai magana ya ɓoye a ransa. Idan aka ce ilimi "basic" ne, ana nufin tushe ne wanda ba makawa sai da shi, kuma babu zargi a ciki. Idan kuwa aka ce "rudimentary" ne, galibi ana nuni da cewa abin ya tsaya a matakin farko bai ci gaba ba, kamar yarinyar da aka kai koyon ɗinki, ta iya zura zare da taka keke, amma har yanzu ba wanda zai miƙa mata atamfar Sallah ta yanka. Haka ake siffanta asibitin ƙauye da ba shi da komai sai gado da awon zafin jiki.

Tunda fanninki ya shafi halittar jiki, za ki sake cin karo da ita da wata ma'ana ta daban, wato gaɓar da ba ta kammala girma ba. Mesa tana da wasu 'yan ƙayoyi biyu kusa da gindin wutsiyarta, waɗanda masana ke ɗauka ragowar ƙafafun baya ne, kuma da wannan kalmar ake siffanta su. A nan bayani ne kawai, babu suka.

A ganina malaminki bai zage ki ba, amma kuma bai yabe ki ba: yana cewa kin kama bakin zaren, saura zurfafawa. Ki koma wurinsa da takardar, ki roƙe shi ya nuna miki sassan da amsarki ta gaza.