Za a iya gwada ruwan Lagdo da gansakukar teku?

Malam, ka tambaya ko awon gurɓatar ruwa da ƙananan gansakukar teku zai yiwu a tafkin Lagdo da ke arewacin Kamaru. Dabarar za ta yi, amma irin na teku ba ya rayuwa a ruwa marar gishiri. Nemi Kulorela ko Senedesmus, ƙananan gansakukar da ke rayuwa a ruwa marar gishiri.

Idan guba ta taɓa su, koren sinadarinsu na kulorofil kan ragu, katalas da SOD, sinadaran da suke kare kansu da su, kan ƙaru. Fitokelatin kuwa, wani sinadarin da suke samarwa, alama ce ta ƙarafa masu guba irin kadmiyam.

Inda ake yawan kuskure: zafi da hasken rana ma suna sauya waɗannan alamu. Don haka ɗebo samfur daga wuri mai tsabta ka kwatanta, ka ajiye cikin ƙanƙara da duhu. Tantance ko maganin feshin auduga ne ya gurɓata ruwan, wannan sai ɗakin gwaje-gwaje na jami'a.