Talatin ɗin Agusta da talatin ɗin Maris

Sani, zo ka zauna nan bakin tanki in ba ka amsar abin da ka tambaye ni ɗazu. Ka ce ruwan jiƙon shinkafar nan ya ratsa tankuna uku, mun auna ya tsaya kan talatin daidai da ƙa'ida, kuma irinsa muka saki a Agusta ba wanda ya ce uffan, to don me yau na hana ka buɗe famfo? Na ji daɗi da ka tambaya, don yaron da ba ya tambaya shi ke kashe rafi.

Ka fara sanin me talatin ɗin ke nufi. Ruwan da aka jiƙa shanshera a ciki cike yake da sitaci da dusa. In ya shiga rafi, ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani ne ke cinye dattin, kuma wajen cin suna zuƙe iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Shi ya sa muke toshe kwalba mu ajiye ta kwana 5 a duhu kan digiri 20, mu ga yawan iskar da ta ɓace. Miligiram 30 a kowace lita shi ne iyakar da ƙa'idar tarayya ta 1991 ta sa wa ruwan da za a zuba a rafi. Yau NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007, ita ke bin sawun irin waɗannan dokoki.

Amma lambar nan bakin bututu kawai take kallo. Ba ta san halin da rafin yake ciki ba.

Ɗauko biro. A ce da damina rafin na gudu da lita 100 a daƙiƙa, dattinsa na asali 2, mu kuma muna zuba lita 5 mai talatin. Ɗari sau biyu, 200. Biyar sau talatin, 150. Haɗa su ka raba da 105, za ka samu uku da ɗoriya. Rafi zai shanye wannan bai ma sani ba. To yanzu a Maris, ka je ka gani da idonka, ɗan siririn ruwa ne ke bin yashi, a ce lita 5. Biyar sau biyu, 10. Goma da 150, raba da 10, ya ba ka 16. Ruwanmu bai canja ba, famfon bai canja ba, amma nauyin da ke kan rafin ya kusa ninka biyar.

Ga kuma zafi. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a lita, in ya kai digiri 30 sai ya dawo wajen bakwai da rabi. Yawancin kifi kuwa suna fara wahala in ta sauka ƙasa da 5. Kar tarwaɗa ta ruɗe ka, ita tana leƙowa sama ta shaƙi iska, za ka gan ta tana wutsil-wutsil alhali sauran sun galabaita.

Ina kamar shekarunka na yi wannan kuskuren a wani injin casa da na yi wa aiki. Da bazara ne, na saki ruwa da magariba don takarda ta ce ya yi. Da safe na tarar da karfasa sun yi fari fat a gefen ruwa, wani dattijo mai lambu yana tsaye yana kallonsu. Bai zage ni ba, ya dai tambaye ni da wane ruwa zai ba albasarsa. Har yau ina jin nauyin tambayar nan.

Saboda haka in ana yanka wa masana'anta iyaka ta gaskiya, daga rafi ake faro lissafi, a lokacin da ya fi ƙanƙancewa, sannan a komo baya zuwa bututu. Kuma kilo nawa na datti ke fita a yini shi ake ƙirgawa. Wani zai ba ka shawarar ka sirka da ruwan burtsatse lamba ta sauka. Kar ka yarda, ɗana. Lambar za ta yi kyau a takarda, amma dattin da ya isa rafi bai ragu ko da cokali ba. Ƙasa da mu akwai masu noman rani, akwai shanun Fulani, kuma rafukan wannan yanki Gongola suke nufa, kogin da aka datse a Dadin Kowa inda ake turo wa Gombe ruwan sha.

Yanzu ka juya ruwan zuwa kududdufin baya, ka kunna injin buga iska ya kwana yana aiki. Gobe bayan sallar asuba ka ɗauki mitar auna oksijin da kwalabe biyu, ɗaya sama da bututu, ɗaya ƙasa da shi. Da asuba iskar rafi ta fi ƙaranci, don gansakuka ma da dare zuƙa take yi. Ka rubuta lokacin a jikin kowace kwalba ka kawo mini mu duba tare.